Masu Jinyar Akori-Kura: Kowa da Irin Ciwonsa

An samu wani sabon ciwo a cikin magidanta masu ɗan rufin asiri. Mutum yana da motarsa mai sanyi a gida, yana da albashinsa ko shagonsa, sai rana ɗaya ya sayo gawar Fijo 404 ko 504 mai buɗaɗɗen baya, ya ce zai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ba haya zai yi da ita ba, ba gona zai kai ta ba. Sha'awa ce kawai, in ji shi.

Ita dai motar ta isa a yi sha'awarta. 404 ta fito a Faransa a 1960, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka har sau huɗu kafin 1970, kuma ba a daina haɗa ta a Kenya ba sai 1991. Ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968. Da kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, motar nan mai tambarin zaki ta mamaye titunanmu: ma'aikacin gwamnati a salun, fasinja a wagon, manomi da ɗan kasuwa a akori-kura. Babu kwamfuta a cikinta, babu wata fitila da za ta kunna kanta ta tayar maka da hankali. Kabireta ce da kwantak da fulogi huɗu. Wannan sauƙin shi ne tarkon, domin kowa ya leƙa cikin bonet sai ya ji zai iya. Ga kaɗan daga waɗanda tarkon ya kama.

Sai-na-asali

Wannan ba ya cin abinci da ɗan China. Kai masa fitila sabuwa dal a kwali, zai juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya shinshina, sannan ya miƙo maka abarka ya ce, “Malam, wannan ba na Faransa ba ne.” Ya san Panteka ta Kaduna lungu-lungu, masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano sun san tarinsa tun kafin ya yi sallama. Ya aika Ladipo a Legas, ya aika Nnewi, har wani ɗan'uwansa da ke Zangon Kumasi ya ɗora wa aikin zagaya Suame Magazine neman marfin tanki.

Idan ka zauna da shi zai karanta maka bambancin 404 da 504 tun daga giyar da ke jikin sitiyari har zuwa siffar zakin da ke gaba. Duk abin da ya faɗa kuwa gaskiya ne. Matsalar ɗaya ce: motar ba ta taɓa fita daga gida ba. Inji ya tashi, birki ya kama, tayoyi sababbi, amma saura mariƙin ƙofar hagu. Akwai irinsa a kasuwa guda ɗari, sai dai ba na asali ba ne, shi kuwa ya rantse ba za a gan shi a titi da jabun mariƙi ba. Ta taga yake shiga in zai ɗumama inji.

Bakaniken Asabar

Ma'aikacin ofis ne, Litinin zuwa Juma'a yana cikin farar shadda. Ranar Asabar sai ya sa tsohuwar rigar ƙwallo, ya jingina waya a jikin batir, ya kunna YouTube, wani Bature yana kwance inji shi ma yana kwancewa. Kwancewa kam babu wanda ya kai shi. Kafin azahar kabireta tana kan tabarma, lagireto yana jingine da randa, notuna sun cika robobin da uwargida take zuba daddawa da kuka.

Abin da bidiyon ya faɗa a lokacin da aka ɗauke wuta shi ne ya kashe shi. Injin Fijo na wancan zamani silif ɗinsa zarewa ake yi, ruwan sanyaya inji yana zagaya shi kai tsaye. Shi ya sa injin yake da rai bakwai: in ya gaji, a sauya silif da fistin da ringi, ya dawo saurayi. Amma da sharaɗi. In ka ɗage kan inji, ba a juya shi sai an danne silif ɗin, in ba haka ba fistin zai ɗago su, abin da ya toshe ruwa a ƙasansu ya saki. Shi kuwa Bakaniken Asabar da ya ga fistin huɗu a fili sai daɗi ya kama shi, ya kira yara su zo su ga yadda suke hawa da sauka, ya yi ta juyawa. Bayan ya ɗaure komai, ya tayar, ya zaro sandar awon baƙin mai, sai ya gan shi ya koma kamar shayi mai madara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A ƙasan roba kuma ga notuna uku sun rage, ya kalle su ya ce ai dama Turawa sun cika yawan noti.

Ado-kafin-lafiya

Shi wannan mai fenti ya fara nema kafin bakanike. Tsatsa ta cinye ƙasan motar har direba yana ganin kwalta tana gudu a tsakanin ƙafafunsa, amma bai kira mai walda ba. Bodi-fila aka yi ta shafawa, gwangwani bayan gwangwani, har ƙofar ta fi ƙarfin hinjinta. Aka fesa fenti ruwan ƙwai mai ɗaukar ido, aka sa gilashi mai duhu, fitilu shuɗɗa da jajaye a ƙarƙashi, da hon na tirela. A baya mai zane ya rubuta masa “Mahassada kun sha kunya” da manyan baƙaƙe.

A hoto babu motar da ta kai ta. Ya ɗora ta a Facebook, jama'a suna ta masha Allah. Sai dai in ya tayar da ita, maƙwabta sukan fito da bokiti suna tambayar gidan wa ke ci da wuta. Ringi ya mutu, inji yana shan baƙin mai fiye da fetur, salansa tana aman hayaƙi. Ranar da ya fita da ita ɗaurin aure, ta kai shi lafiya aka yaba, a dawowa ta mace a tsakiyar shataletale. Wani dattijo mai tsohuwar akori-kura da ke dawowa daga kasuwa ne ya ɗaura mata igiya ya ja ta, mahassadan suna tsaye a bakin titi suna karanta rubutun a tsanake.

Likitan dashe

Wannan ba ruwansa da asali. Abin da ya sani shi ne duk ƙarfen da ya ƙi shiga, walda za ta shigar da shi. Injin Fijo ya ba shi wahala, ya cire ya dasa na Toyota ɗan Beljiyam. Giyar ba ta hau ba, aka nemo wata daga Nissan aka yanka aka haɗa. Kujerun Marsandi ne, sitiyarin Honda, madubin gefe kuwa na Keke Napep. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara da tukunyar gas, wadda ta cinye rabin bayan motar, wato wurin da saboda shi aka ƙera akori-kura tun farko.

Gudu kam tana yi, birkin ne dai har yanzu na 404, bai samu labarin an sauya inji ba. Jami'in VIO ya tsayar da shi, ya duba takarda, ya buɗe bonet, ya sake duba takarda, ya zagaya motar, sannan ya ce, “Yallaɓai, wacce daga ciki ce taka?” Ranar da wani abu ya lalace kuwa, sai ya kwashe yini a kasuwa, domin mai kayan gyara zai tambaye shi wace mota ce, shi kuma sai ya ce, “To, ya danganta da wane ɓangare.”

Magajin mota

Bai saya ba, gada ya yi. Motar marigayi ce, da ita aka yi fataucin gyaɗa da albasa, da kuɗinta aka yi wa kowa makaranta da aure. Yau tana zaune a kan bulo huɗu a tsakar gida, tayoyin sun zama abin wasan yara, kaza tana ƙyanƙyasa a kujerar direba, uwargida tana shanya kuɓewa a kan bonet. In ka tambaye shi sai ya ce, “Ai lafiyarta lau, batir ne kawai. Bayan Sallah za a tashe ta.” Bai taɓa faɗin wace Sallar ba.

'Yan gwangwan sun sa mata ido, kowane wata sai sun zo da sikelinsu sun yi tayi a kan kilo, shi kuma ya kore su har bakin layi yana cewa ba su da tarbiyya. Ƙannensa mata suna tambayar kasonsu, ya ce su yi haƙuri a gyara tukuna, ta fi daraja. A cikin duk masu wannan ciwo shi kaɗai ne ba a iya yi wa dariya sosai, domin kowa ya san ba batir ne ya hana shi ba. Da yamma yakan kori kazar, ya zauna a mazaunin mahaifinsa, ya riƙe sitiyari na ɗan lokaci, sannan ya fito ya ce wa yara su daina hawa masa mota.

Ɗan benci

Ko keke bai mallaka ba, amma babu motar da ake gyarawa a unguwa ba da saninsa ba. Yana zaune a bencin gareji tun safe da rake a hannu. Da an murza makulli sai ya karkata kai, ya lumshe ido, ya yanke hukunci: “Kabireta ce.” In taya ce ta yi faci, kabireta ce. In fitila ta ƙi kamawa, daga kabireta abin ya samo asali. Kullum yana da labarin wani kawunsa da ya taso daga Maiduguri zuwa Legas a 404 ba tare da ya ƙara ruwa ba. Da an ce a zo a tura, sai ya tuna bai yi la'asar ba.

Mai lissafi biyu

Yana da farashi biyu ga kowane ƙarfe: wanda ya biya a kasuwa da wanda ya faɗa a gida. Duk abin da ya shigo da shi a baƙar leda “dubu biyu ne, kuma ma ragi aka yi min.” Hajiya ba ta musu, tana dai kallo. Shi da bakanikensa sun ƙulla wata amana mai ban tausayi. Ya je gareji, a ce masa, “Alhaji, saura kaɗan, dawo jibi.” Jibi ya dawo, a ce an samu wata 'yar matsala, a kawo na kwayil. Ya dawo gida ya ce wa Hajiya saura kaɗan. Ita ma da ya tambayi abinci ta ce, “Saura kaɗan, Alhaji, dawo jibi.”

Asirinsa ya tonu ranar da yaron gareji ya zo karɓar cikon kuɗi Alhaji ba ya nan, ya karanta wa Hajiya lissafin tun daga farko har ƙarshe, da ladabi, yana durƙushe. Kuɗin da aka zuba ya isa sayen fili a bayan gari. Tun daga ranar ba ta ƙara kiran motar da sunanta ba, sai dai ta ce, “Yaya jikin amarya?”

Baba direba

Shi ba ya cikin masu sha'awa, kuma da za ka ce masa gyaran mota abin nishaɗi ne, sai ya ɗauka zolayarsa kake. Akori-kurarsa ta girmi karen motarsa nesa ba kusa ba. Ba ta da launi ɗaya, ƙofar dama da igiya ake ɗaure ta, jarka ce tankinta. Amma duk ranar kasuwa tana kan hanya da buhuna har sama, awaki a kan buhuna, mutane a kan awaki, sifirin baya ya miƙe sambal saboda nauyi.

Ka tsaya ka ga yadda yake yi in ta yi gardama. Ba ya buɗe waya, ba ya kiran kowa. Ya ɗaga bonet ya tokare da sanda, ya cire marfin distiribita, ya zaro ɗan guntun sanfefa daga aljihu ya goge bakin kwantak, ya gwada tazararsa da kwalin ashana. In ba nan ba ne, ya zare tiyo ya zuƙi fetur da baki, ya tofar, ya ɗiga kaɗan a maƙogwaron kabireta. Ya ce wa yaro, “Kai, murza.” Ta yi tari sau biyu ta kama. In wani wuri yana yoyon mai, ya murje sabulu ya liƙe, ya isa gida da shi. Bai san shekarar da aka ƙera ta ba, bai san sunan garin da aka zana ta ba, amma daga ƙarar inji yana gane fulogin da ya yi lalaci.

Abin da sauran ba su gane ba shi ne, wannan mota don wahala aka yi ta. Zama ne yake kashe ta: roba ta bushe, birki ya ciza, fetur ya ruɓe a kabireta, ɓera ya ci waya. Ta Baba kuwa ba ta samu zaman da za ta lalace ba. Shi ya sa duk cikinsu babu wanda ba shi da lambarsa a waya, domin shi ne mai igiyar.

Kwanaki Sai-na-asali ya lura cewa mariƙin ƙofar hagu na motar Baba na Faransa ne, bai taɓa sauyuwa ba. Jikinsa na rawa ya ce a sayar masa da motar gaba ɗaya, ko nawa ne. Baba ya goge hannu da tsumma, ya dube shi, ya dubi sauran da ke tsaye, ya ce, “Alhaji, ni ban ƙi kuɗinka ba. Amma in ka saye ta ka kai ta gida ka ajiye, wa zai riƙa jawo muku naku?”