Wace ce Jenkins?

Oga ya dawo daga wani taro a Legas da sabon karatu: daga yau ba mai sake harhaɗa manhajarmu da hannu, inji zai riƙa yi. Da yake bakina ba ya shiru, na ce, "Ranka ya daɗe, ai aikin yini guda ne." Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo.

A baki abin ba wuya. Akwai rumbu, wato Git, inda kowa ke zuba abin da ya rubuta. Akwai mai gadi da ke leƙa rumbun. In ya ga sabon abu sai ya tashi magini, magini ya harhaɗa, a bi da gwaje-gwaje, a adana abin da aka gina, sannan ɗan aike ya kai labari ta imel. Ban da rumbun, duk na ɗora wa Jenkins, manhajar nan da Kohsuke Kawaguchi ya fara da sunan Hudson kafin a sauya suna a 2011. Tambarinta wani dattijon mai hidima ne da tawul a hannu, yana murmushi kamar bai taɓa cutar kowa ba. Na girke shi a tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina.

Sai iyayi ya motsa. Na ce duk ginin da ya yi kyau, Jenkins ya ƙara lambar fitowa da ɗaya, ya mayar rumbu. Wurin jadawalin leƙe kuwa na jera taurari biyar, saboda su na gani a misali. Ma'anarsu: kowane minti. Na sa imel ɗin kowa, har na Oga, don ya ga ƙwazona. Ƙarfe shida na yamma na kama hanyar gida ina fito.

Abin da ban tuna ba: mai gadi bai san hannun magini ba. Ya leƙa, ya ga sabuwar lamba, ya tashi magini. Magini ya gina, ya ƙara lamba, ya mayar. Mai gadi ya sake leƙowa.

Ana idar da sallar asuba waya ta yi ƙara. Oga ne.

"Kai! Tun jiya wayata ke kuka kamar gyare. Hajiya ta ce ba za a karya kumallo ba sai na faɗa mata wace ce Jenkins."

"Ranka ya daɗe, namiji ne."

Wannan amsar ba ta gyara komai ba.

Makullin ofis na hannun akawu, shi kuma wayarsa a kashe. A rayuwata ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar. Wuta ta ce ina nan daram.

Da muka samu shiga, lambar da na bari a 12 ta wuce 600, amma abin ya tsaya da kansa. Ban ce a riƙa goge tsofaffin gine-gine ba, sai ma'ajiyar kwamfutar ta cika maƙil, gini ya rushe, ba sabuwar lamba, mai gadi ya samu barci. Sakacina na biyu ne ya kashe na farko.

Jenkins na nuna lafiyar aiki da hoton yanayi: rana in lafiya lau, girgije in an fara tangarɗa, hadari da walƙiya in ta ɓaci. Ina ta danna maɓalli, gini na ta rushewa, har hadari ya haɗu a allo, ga shi muna tsakiyar hunturu. Oga ya sunkuyo ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayarsa.

"Ga Hajiya. Yi mata bayani da kanka."