Alhaji, Sai Mun Ga Jibi

Ina jin ku, dattawan keke. Ban ma buɗe baki ba kun fara: "Wannan yaron ne zai koya mana hutu? Mu da muka taka Rali daga Kano zuwa Wudil da buhun gero a kariya, muka juyo kafin la'asar?" Ban musa ba, ranku ya daɗe. Sai dai waccan ƙafar ta zamanin Gowon ce. Ni kuwa jika ne, tsokanar kaka gadona ce, sai haƙuri.

Gajiya ba ta zuwa ranar da aka gayyace ta. Kun sauko daga keke kuna bugun ƙirji, kuna cewa ko gezau. Ciwon tsoka kuwa yakan tsananta ne tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan wahalar, domin 'yan ƙananan yagewar da tsoka ta yi sai sun kumbura kafin su ɗinke. Shi ya sa jibi da asuba, wajen tasowa daga sujada, ake jin wani "wash!" daga sahun gaba. Liman bai tanka ba, amma ya ji. Jiki magayi.

Saurayi ma yana jin ciwon, sai dai nasa ɗinkin na gaggawa ne. Tun daga shekara 30 tsoka take fara zaizayewa, bayan 60 abin ya ƙara wuta. Barci mai nauyi, wanda a cikinsa jiki yake gyara ɓarnar yini, raguwa yake yi da shekaru. Ƙwai biyun da za su farfaɗo da ɗan shekara 20, ɗan 65 sai ya haɗa da wake, kifi ko kindirmo kafin tsokarsa ta amsa. Ƙishirwa ma yaudarar tsoho take yi: jiki ya bushe, maƙogwaro bai kawo ƙara ba. A zafin Afrilu wannan ya wuce wasa.

Na san wanda jikansa ya nuna masa bidiyo a waya zai jawo mini Robert Marchand, Bafaranshen da ya taka kilomita 22 da rabi cikin awa guda a 2017, yana da shekara 105. Madalla, ai shaidata kuka kawo. Atisayen da masana suka tsara masa, kashi 80 cikin ɗari tafiyar a-hankali ce, 20 kacal na ƙarfi. Ku kuwa kullum sai kun kori ɗan acaɓa. Samarin gasar keke ta Tour de France ma, masu likita da mai tausa da kuku, ana raba musu kwana 21 na tsere da hutun kwana biyu. Ku mai tausarku man zafi ne, sai Hajiya in ta ga dama.

Ba cewa na yi a jingine keke a zaure ba, Allah ya kiyaye. In an yi doguwar tafiya mai zafi, a bi ta da kwana biyu na taka-sannu, zuwa kasuwa ko majalisa. In kun farka zuciya na bugawa fiye da yadda ta saba, ranar ta shayi ce da rediyo. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, nan zolaya ta ƙare, sai likita.

Wanda har yanzu yake girgiza kai, ban hana shi fita gobe ba. Ya dai sa kuɗin adaidaita a aljihu, na mutum ɗaya da keke ɗaya.