Zuwa ga Buzuna na Belbeji, mai cin aska

Buzu, bawana, ina gajiya, ina raƙuma? Na ce bari in gaishe ka ta takarda, tunda gaisuwar baki ta gagara. Duk ranar kasuwar da ka hango ni a Tanut sai ka ja amawali har gindin ido, ka sulale ta bayan masu awon hatsi, wai kai ba a gane ka ba. Maƙeri kake ɓoye wa? Tafiyarka kawai ta isa shaida.

Maganar askata ce. A fadarmu ta bakin maƙera babu wanzami ko ɗaya, sha'awa ce kawai ta sa muka haɗa zabira: aska ƙirar hannuna, dutsen washi, almakashi, madubi, da injin aski mai caji da wani ɗan fada ya zo da shi daga Libiya. Safiyar Juma'a a ɗora shayi, wannan ya gyara wa wancan ƙeya. Ka zo ka ce a ara maka aska za ka je suna, jibi ka dawo da ita. Yaron da aka raɗa wa suna yanzu shi ke kora awaki rijiya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, me ka aske da ita? Mutumin da tun da ya balaga ba a ƙara ganin haɓarsa ba, wanda ko shayi ta ƙarƙashin mayafi yake kurɓa! Ina zargin cuku kake yankawa.

Na san hujjojinka. Za ka ce tun 2011 da aka cire Belbeji daga Tanut aka ba ta gashin kanta, kayan da suka shiga can sun ƙetare iyaka. To, Damargu dai ɗaya ce, kuma gwamnanmu ɗaya a Damagaram. Za ka ce kayan maƙeri halal ne ga Buzu, ai wasa ne, har UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin gadon duniya a 2014. Gaskiya ne, amma zolaya aka rubuta, ban ji an ambaci aska ba.

Sai ka ce ta faɗi a rairayi tsakanin Gangara da gida. Nan ne malamai suka riga ka. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, kayan aro iri biyu ne. Abin da ba ya ɓoyuwa, irin raƙumi, in ya halaka a hannun mai aro ba da sakacinsa ba, babu ramuwa. Abin da ke ɓoyuwa kuwa, wanda za a iya cusawa a aljihu ko a naɗin rawani, sai a biya, sai fa in an kawo shaidun da suka tabbatar da ɓatansa. Ka ga da raƙumi na ara maka da ka tsira. Kawo shaidu biyu, kuma kada ka kawo mini Buzaye.

Saboda kai fada ta kafa doka. Kowane kaya na buga masa shaidar wuta a ƙota, yadda kuke yi wa dabbobinku. Wanda ya ara, a rubuta sunansa da ranar maidowa a gaban mutum biyu. Naka da rubutunku na Tifinar za a rubuta, kada ka ce ba ka iya boko ba. Kada ka ga kamar ƙeta ce: ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, wadda ke bin ta kuma ta yi maganar jingina ga matafiya. Wa ya kai ka tafiya?

Aska kuwa mun daina ba da aronta gaba ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini, ga kuma ƙanjamau. Kowa ya sayi rezarsa, injin a goge bakinsa da alkol kafin ya hau wani kai. Madubi da almakashi da dutse su ne na aro.

Jinginar ce muka daɗe muna gardama a kanta. Wani ya ce takobi. Na ce a'a, mu muka ƙera, kuma yana da wani a gida. Wani ya ce raƙumi. Wa zai ciyar da shi a watan bazara? Kuɗi kuma ba sa riƙe mai aro, in ya ga kayan sun fi jinginar daraja sai ya ɗauka ciniki aka yi. Abin da mutum ba ya iya kwana babu shi ake karɓa. Saboda haka butar shayinka za ka ajiye, da ƙananan kofunan nan. Na tabbata kafin la'asar ciwon kai zai koro ka, ko daga Agadas kake.

Kasuwa mai zuwa ina nan bakin zugazugi. Ka zo da askata, wankakkiya, babu warin cuku. In madubi kake so ka ga fuskar da ka manta kamanninta, ka taho da butar, ka haɗo da sukari da ganye, don ba zan ajiye buta a maƙera ta zauna banza ba.

Ubangidanka, maƙerin Tanut.