Sannunku da Aiki, Masu Kashe Ƙuma Har da Kogi

A gaishe da masu sayar da maganin ƙuma na ƙasar Birtaniya, a gaishe da hukumar da ta ba su lasisi. Kun yi abin da manoma suka kasa. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da gubar imidacloprid a gonakin fili saboda tana hallaka ƙudan zuma, ita kuwa fipronil tun kafin nan aka raba ta da gona. Manomi ya ajiye, ku kuwa kuka ci gaba da ɗurawa a 'yan robobi, kuna cewa a ɗiga a ƙeyar kare da kyanwa duk wata. Abin da aka ce ya fi ƙarfin gona, sai ga shi a falo, a kan kujera, a hannun yara. Wannan basira sai ku.

Madalla da tsarin biyan kuɗi wata-wata da asibitocin dabbobi da yawa suka shigo da shi. Ko da ƙuma, ko babu ƙuma, ko rani ko hunturu, magani yana zuwa. Kyanwar da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba ma tana da rabonta. A ƙasar da karnuka da kyanwoyi suka haura miliyan 20, wa zai tsaya duba jikin dabba kafin ya ɗiga mata guba? Dubawa ɓata lokaci ne, ciniki kuwa ba ya jira.

Kuma alherinku bai tsaya a ƙeyar kare ba. A 2020 masana daga Jami'ar Sussex suka fitar da sakamakon awon ruwan koguna 20 na Ingila: an samu fipronil a fiye da kashi 98 cikin 100 na ruwan da aka ɗebo, imidacloprid kuma a kashi 66. Inda gubar ta fi yawa shi ne ƙasa da matatun ruwan kwata, domin an yi wa kare wanka, an wanke shimfiɗarsa, maigida ya wanke hannu, duk ya gangara, matatar kuwa ba a gina ta don tace irin wannan ba. Ga tsutsar mazari a gindin kogi, ga ƙananan ƙwarin ruwan da kifi da kwaɗo da tsuntsu suke ci, babu wanda ya biya ko sisi, amma kowa ya sha magani. Wace kyauta ta kai wannan?

Tafkunan Hampstead Heath na Landan su ma sun shaida: waɗanda karnuka suke iyo a ciki an same su da gubar. Tsuntsayen da suke tsintar gashin dabbobi su shimfiɗa wa 'ya'yansu ma ba ku manta da su ba. Binciken da aka wallafa a 2025 ya samu fipronil a dukkan sheƙa 103 da aka duba, kuma inda magungunan suka fi yawa, nan aka fi samun ƙwai da bai ƙyanƙyashe ba da matattun 'yan tsaki. Lallai sheƙar ta tsira daga ƙuma.

Jinjina ta musamman ga hukumar kula da magungunan dabbobi ta ƙasar, wadda ta daɗe tana bin ƙa'idar cewa maganin dabbar gida ɗigo ne kawai, bai cancanci dogon binciken illarsa ga muhalli ba. Gaskiya ne, ɗigo ne. Ɗigo sau miliyoyi, sau 12 a shekara. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su Buglife sun yi ta kuka, ku kuwa kun nuna musu abin da ake kira haƙuri: a bari a ƙara nazari, kogi ai ba ya gudu ya bar ƙasa.

To, yabon ya isa haka. Ƙuma da kaska suna cutar da dabba, kuma mai tausayin karensa bai yi laifi ba. Laifin yana kan waɗanda suka mayar da guba abin shafawa na kowane wata, da waɗanda aka ɗora wa amanar sa ido suka kau da kai. Garin neman gira ana rasa ido.

Abin da masu fafutuka suke nema ba shi da wuya. A cire waɗannan magunguna daga kantunan da kowa yake ɗauka ba tare da shawarar likita ba. A yi musu cikakken binciken muhalli kamar yadda ake yi wa maganin gona. A yi magani idan an ga ƙuma ko akwai haɗari na gaske. Kai kuma mai kare, tambayi likita ko akwai buƙata kafin ka ɗiga, kuma kada ka bar karen da ka ɗiga wa magani ya shiga kogi. Gubar da aka hana a gona ba ta da hurumin zama a ruwa.