Noman Ciyawa a Cikin Falo

A Dutse in mutum ya ce zai yi kiwon kifi, kowa ya san abin da yake nufi. Zai sayi tankin roba ko ya gina kwami a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, bayan wata biyar ko shida masu farfesu su zo da sikeli. Sana'a ce mai mutunci, har bashi ake ba mai ita. Ni kuwa sai Allah ya haɗa ni da Takashi Amano a YouTube.

Amano mutumin Japan ne, ɗan Niigata, an haife shi a 1954, ya rasu a 2015. Da tseren keke ya fara neman abinci, daga baya ya koma shirya lambu a ƙarƙashin ruwa, ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982. Babban aikinsa na ƙarshe a Lisbon ya yi shi, tanki mai tsawon mita 40 da ya ci ruwa lita 160,000. Wannan bai dame ni ba, don na san ba sa'ana ba ne. Ƙananan ne suka hana ni barci: gilashi biyar kacal, huɗu a tsaye ɗaya a kwance, an manne su da silikon, ba firam, ba murfi, ba ƙarfen da ya gitta. Sai ka ce an sa wuƙa an yanko ruwan kogi yankan awara, da duwatsunsa da ciyawarsa, an ajiye a kan tebur.

Na nuna wa uwargida. Ta duba ta ce, "To Malam, ina kifin?" Na ce ga su nan ƙanana, ai ciyawar ce abin kallo. Ta ce ciyawar da take biyan almajiri ya cire mata a tsakar gida, ita zan saya da kuɗi in shigo da ita falo? Na ce ba irinta ba ce. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma tsintar shinkafarta.

Mai gilashin da na samu yana aikin tagogin alminiyum da shoglas na masu sayar da waya. Ya karɓi wayata, ya buɗa hoton da yatsa biyu, ya daɗe yana nazari.

"Yallaɓai, wannan ai ba a gama shi ba."

"An gama. Haka yake."

"Ba firam?"

"Babu."

"To bari in sa maka alminiyum kyauta, albarkacin sabo."

Sai da na rantse masa cewa ba don rashin kuɗi nake gudun firam ba. Hasali ma marar firam ya fi tsada, kuma da dalili. A tanki mai firam, ƙarfen sama shi ke riƙe bakin gilashi kada ruwa ya tura shi waje. In ka cire ƙarfen, kaurin gilashin ne kaɗai ya rage ya yi wannan aiki. Shi ya sa mai tsawon santimita 60 da tsayin 36 ake yi masa gilashi mai milimita 5 ko 6, mai tsawon 90 da tsayin 45 kuwa sai 8 zuwa 10. Sannan gilashin taga akwai ɓurɓushin ƙarfe a jikinsa, shi ne koren da ake gani in an dubi gefensa. Masu wannan harka suna neman wanda aka rage wa ƙarfen, don kada launin ciyawa ya dusashe. Duk wannan na haddace shi, na kuma karanto wa mai gilashi a tsaye, yaransa sun daina aiki suna saurare.

Da ya faɗi kuɗin mai milimita 10, sai haddar ta zube. Ya ce akwai mai 5 a shago, shi suke sa wa tagogin masallaci, ko iskar farkon damina ba ta taɓa fasa shi ba. Na ce a yanka. Kuma mai santimita 90 na ce a yi, don mutum ba ya fara abu da ƙarami a gaban maƙwabta.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai 90 da 45 da 45 yana ɗaukar lita 180 da 'yan kai, in ka haɗa da yashi da duwatsu ya haura nauyin buhun siminti huɗu. Wannan kaya na ɗora a kan teburin da muke ajiye talabijin, wanda ƙafarsa ɗaya tun tarewarmu kwali ne ke tallafe da ita. Ɗan garuwa ya juye jarka bakwai, yana juyewa yana satar kallona.

Da la'asar na tsuguna a gefe na daidaita ido da gilashin gaba, sai na ga ya yi ciki. Na ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, tsakiyar gilashin ta ture zaren. Na kira mai gilashi. Ya ce, "Zama yake yi, Yallaɓai, kar ka damu."

Cikin dare ya gama zama. Ƙara ɗaya na ji, tas, sai shaaa. Ruwan ya ratsa kafet, ya bi ta ƙarƙashin ƙofar ɗaki, ya gaisa da buhun garin masara, ya ɗauki takalman yara ya kai su zaure. A Jigawa ba a wasa da zancen ambaliya tun abin da aka gani a 2022, don haka uwargida ta saɓi Auta ta yi waje tana salati, ta tsaya a tsakar gida tana duban sama, taurari fal, ga sanyin kaka ya fara sauka. Da ta dawo ba ta ce uffan ba. Tsintsiya da tsumma ta miƙo mini, ta rufe ƙofa.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na nufi Kano, na samo mai santimita 60 na ainihi, gefensa garau. Na biya kuɗin kujera biyu a Sharon, amma direba ya ce kujerar ta biyu ai gilashi ba ya zama a kanta, ya sa mutum, tanki ya dawo cinyata. Kafin Wudil an gama yi mini shari'a. Wani dattijo ya ce akwatin zaɓe ne. Wata mata ta ce na kayan lefe ne irin na zamani. Da na yi bayani, wani saurayi a baya ya tambayi kifi nawa zai ɗauka kuma nawa ake sayar da kilo. Na ce ba na sayarwa ba ne, na kallo ne. Motar ta yi tsit har Shuwarin, inda dattijon ya sauka, ya leƙo ta taga ya ce zai sa ni a addu'a.

Abu ɗaya da garinmu bai rage ni da shi ba shi ne dutse. Masu bin tafarkin Amano a Turai suna sayen dutse a kilo. Ni na hau bayan gari da buhu. Sai dai ba kowane dutse ake sawa ba. Ana ɗiga masa ruwan binega, in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai ɓata ruwa. Namu na Dutse ba ya kumfa. Ka ƙiyasta magidanci da furfura a gemu, tsugune a gindin dutse da kwalba, yana ɗiga wa tsakuwa ruwa yana kara kunne. Kafin in sauko yara sun kai labari unguwa cewa an ga zinare, wasu kuma suka ce aikin boka aka ba ni.

Ciyawar daga Legas na yi odarta, da sunanta mai nauyi, Anubias barteri, aka kawo ta a leda, ganye biyar. Daga baya na karanta cewa asalinta 'yar kudancin Najeriya da Kamaru ce, kuma sunan Charles Barter aka laƙaba mata, Baturen da ya bi ayarin Baikie a kogin Kwara a 1857 yana tsintar tsirrai. Wato 'yar gida ce ta yi yawon duniya ta dawo da farashin baƙuwa. Ita ba a binne gindinta, ɗaure ta ake yi a jikin dutse ko itace da zare. Na binne rabi kafin in san haka, rabin ya ruɓe.

Sauran na nemo a madatsar ruwan Warwade. Wani tsoho masunci ya ga ina tsamo kainuwa da 'ya'yan bado ina zubawa a bokiti.

"Ɗan nan, magani za a haɗa?"

"A'a Baba, shukawa zan yi."

"Kainuwa za ka shuka?"

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani da idonsa. Tausayi ya kama shi, ya ce ba zai bar ni in koma gida da ciyawa zalla ba, ya zuba mini 'ya'yan karfasa a bokitin, ya ƙi karɓar ko sisi. Kyautar dattijo ba a mayarwa. Abin da bai faɗa mini ba, don a wurinsa ba labari ba ne, shi ne karfasa ciyawa take ci, kuma tona rami take yi. Lambun da na kwana ina jerawa da hantsaki, washegari na tarar an yi masa kaftu, saiwoyi a sama, ruwa ya koma kunun kanwa.

Ciyawar ruwa tana son iskar kabon. Masu kuɗi tukunyar gas suke saya. Talaka kuwa yana zuba sukari da yis da ruwan ɗumi a gorar lemo, ya ja siririn tiyo zuwa tanki. Dabarar tana aiki. Aibinta ɗaya: abin da ke cikin gorar tsima yake yi, kuma yana wari irin na abin da ya tsima. Ranar da surukata ta zo daga Jahun ta zauna a falo, na ga hancinta yana motsi. Ta bi tiyo da ido har bayan tebur. Ba ta dube ni ba, 'yarta ta duba.

"Ke, shi wannan ɗin yaushe ya fara?"

"Inna, na ciyawa ne."

"Ciyawar ce ke sha?"

Na fice masallaci tun ba a kira salla ba.

Daga nan rashin murfi ya fara nuna halinsa. Hunturu ya zuba ƙura a saman ruwan har ana iya rubutu da tsinke. Iska ta riƙa shanye ruwan, ruwan burtsatse kuma ya bar farin zane a jikin gilashin da na je har Kano don kada a ga komai a jikinsa. Auta ya gano cewa kifi na son tuwo. Kyanwar maƙwabta ta mayar da falonmu gidan abinci. Wani baƙo ya tsoma hannu ya wanke bayan cin ƙosai, ya yaba da tunanin wanda ya ajiye ruwa kusa da baƙi. Da Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, alhali yawancin ciyawar nan tsakanin 22 da 26 take jin daɗi. Fitila da matatar ruwa suna son wuta kullum, wutar kuwa kun san yadda muke da ita. Na zama mai sayen ƙanƙara kowace azahar, ina azumi, ina kai wa ciyawa. Gansakuka kaɗai ta yi ƙiba.

Ina cikin wannan hali na ci karo da wani labari da ya farfaɗo da ni. Akwai wani ɗan mitsitsin kifi mai launi da masana ke kira kiyawensis. Wani Bajamushe, Ernst Ahl, ya raɗa masa sunan a 1928 saboda a kogin Kiyawa aka kamo shi. Kiyawa tamu ta nan kusa. Shi a kududdufi yake rayuwa, in ruwa ya ƙafe ya mutu, ƙwansa ya kwanta a taɓo har wata damina. Masu sha'awar irinsu a Turai a ambulan suke aika wa juna ƙwan. Na ce ashe kifin da ya dace da ni yana bakin ƙofa. Na ɗauki fartanya na nufi wani busasshen kududdufi. Ƙwan a saman taɓo suke, amma na ce in za a ɗiba a ɗiba da yawa, na haƙa da zurfi na ciro wani ƙaton curi, na kawo na dasa shi a tsakiyar tanki.

Bayan isha curin ya motsa. Ya tsage, wani abu dogo mai santsi ya zaro kansa, ya miƙe ya hau saman ruwa ya shaƙi iska da baki. Gaiwa ce. Tana cikin barcinta na rani na ɗauko ta da ɗakinta.

Gaskiya ban taɓa ganin halittar da tsarin gidana ya karɓa irinta ba. Huhu gare ta, don haka ɗauke wuta bai shafe ta ba. Zafi ba ya damunta. Ta cinye ragowar karfasa, ta kwantar da duwatsuna, kyanwa ta leƙa sau ɗaya ba ta sake dawowa ba. Matsalarta ɗaya, ba ta san inda tanki ya ƙare ba, tunda ba abin da ya nuna mata. Da asuba uwargida ta shiga kicin ɗora ruwan koko, ta taka ta a bakin murhu. Ihun da ta yi ya tara maƙwabta da sanduna, ana maciji, maciji, ni kuma na ratso su da bokiti ina cewa a yi haƙuri, tawa ce.

Da hantsi mai gilashi ya iso da tef ɗinsa, uwargida ce ta kira shi da kanta. Ya auna baki, ya auna gefe, ya rubuta a tafin hannu. Na tuna masa cewa ya taɓa yi mini alkawarin alminiyum kyauta.

"Wancan na wancan tankin ne, Yallaɓai. Murfin da kwaɗo za a yi ko ba kwaɗo?"

Daga kicin aka amsa masa: "Da kwaɗo. Kuma makullin a hannuna."