Wa Ya Rasu a Tsibirin?

Bahaushen Agege ba ya fita sai da dalili mai ƙarfi: ɗaurin aure, ta'aziyya ko bin bashi. Ka ce masa, "Alhaji, mu je tsibirin Legas kallon kayan tarihi," sai ya zaro ido ya ce, "Wa ya rasu?" A lissafinsa, duk tafiyar da ba ta kawo riba ko lada ba yawon banza ce, buɗe ido kuwa sana'ar Bature ce da kuɗi suka yi wa yawa. Shekara talatin yana saro kaya a Idumota, bai taɓa ɗaga kai ya dubi masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894 ba.

Abin dariyar, shi kansa jikan jirgin ƙasa ne. Dogon da ya isa Kano a 1911 shi ya riƙa sauke kakanninsa a Agege cinikin goro. Tsibirin ma ya taɓa yin ɗan ƙaramin jirgi mai hayaƙi da ya fara aiki a 1902, yana haye gadar Carter zuwa Iddo. A Ingila irin wannan tsohon ƙarfe ake gogewa, a shafa masa fenti, a yanka wa baƙi tikiti. Da ya kawo yau a hannunmu, da tuni 'yan gwangwan sun ɗora shi a sikeli.

Za a ce talauci ne, ga cunkoson Legas mai sa yaro furfura. Gaskiya ne, mai neman na tuwo ba ya kallon gini. Amma aljihun da ya gagara kuɗin mota bai taɓa gagarar ankon biki ba. Jirgin Red Line da aka ƙaddamar a 2024 yana tsayawa a Agege ya wuce har Oyingbo, kusa da gidan tarihin jirgin ƙasa na Jaekel a Ebute Metta. Kuma wannan Alhajin ne ya je Umara ya biya riyal ya hau raƙumi don hoto, dabbar da ko kyauta ba zai hau a Mai'aduwa ba. Ashe ba kallon ya ƙi ba, na gida ya raina.

Maganin mai sauƙi ne. A sanar bayan sallar Juma'a cewa wani mai taurin bashi ya ɓuya a gidan tarihi. Kafin la'asar, sai an roƙi jama'a su bi layi.