Ranar da Kwamfuta Ta Yi Min Amshi

A wajenmu ɗan amshi ya san matsayinsa: jagora ya kawo, shi ya karɓa. Da wannan sanin na amsa gayyatar wani abokina Bature a Amsterdam, lokacin da nake karatu a Holan. Ya ji ina taɓa kalangu, sai ya ce in zo mu yi wasa a gaban jama'a, ni da kwamfutarsa.

Na tambaye shi wace waƙa za mu yi. Ya ce babu waƙa. Na'urar tana saurare ta makirfo, ta auna tashin sauti da ƙarfinsa da saurinsa, sannan ita da kanta ta zaɓi abin yi: ta kwaikwaye ka, ta saɓa maka, ko ta yi banza da kai. Ya ce ba shi ne farau ba, don a 1987 wani Ba'amurke mai busa turombon, George Lewis, ya fito da irinta mai suna Voyager a wannan gari. Shi kuma da manhajar Pure Data, wadda ake samu kyauta, ya haɗa tasa.

Daren wasa aka tashi da sanyi da yayyafi. Danshi ya sa fatar kalanguna ta saki, ni kuma mura ta kama ni. Na hau dandamali da babbar riga, na matse kalangu a hammata, na saki kiɗa mai daɗi. Shiru. Na ƙara, shiru. Na waiga wajen abokina, ya raɗa min cewa tana nazari ne. Nazarin me, ni da gumi ke keto min cikin hunturu?

Can sai atishawa ta kuɓuce min, daidai bakin makirfo.

Ashe abin da baiwar Allah take jira ke nan! Ta cafke atishawar, ta ja ta, ta yayyanka, ta watsa ta cikin lasifiku. Ga atishawa ta dama, ga ta hagu, ga mai kauri, ga siririya. Na ce, "Subhanallahi!" Ta haɗa da shi. Na doka kalangu da ƙarfi don in dawo da ita hanya, sai ta ɗauka gasa ce, ta ninka sauri. Na tsaya cak, ita ko a jikinta. Na yi wa abokina alama ya kashe, ya ɗaga min babban yatsa.

Turawa kuwa sun lumshe ido suna gyaɗa kai. Sai da ta gaji don kanta ta yi shiru, ɗaki ya kaure da tafi. Wani dattijo mai tabarau ya riƙe hannuna, ya ce wurin atishawar nan ya ratsa masa zuciya, wata nawa muka yi muna gwaji? Na ce masa ai abin baiwa ne. Abokina har ya fara lissafin wasa na gaba, yana roƙo kada in warke kafin lokacin.

Don haka mai karatu, in an gayyace ka wasa da irin wannan na'ura, ka sha maganin mura, ka kama bakinka, kuma tun kafin a fara ka tambayi inda ake zare wayar wuta.